Daga Hanyar Makka Zuwa Gaɓar Nilu: Yadda Ƙaura Ta Sauya Fasalin Ƙabilun Sudan

Tsarin ƙabilun ƙasa, wato irin al'ummomin da ke cikinta da yawan kowace da kuma wuraren da suka zauna, abu ne da yake sauyawa a hankali, har waɗanda sauyin yake faruwa a gabansu ba su cika lura da shi ba sai bayan ƙarni ya shuɗe. Ƙasar Sudan tana daga cikin wuraren da wannan al'amari ya fito fili ƙwarai, domin a yau Hausawa da Fulani da Barebari da sauran mutanen da asalinsu yake Afirka ta Yamma suna zaune a kusan kowane sashe nata, tun daga Jinaina da ke iyaka da Chadi har zuwa Bur Sudan a bakin Bahar Maliya, suna noma da kiwo da su da fatauci, alhali shekaru 200 da suka wuce ba a samunsu sai a 'yan tsirarun garuruwa. Tarihinsu yana nuna cewa ƙaura takan sauya jama'ar ƙasa tun kafin dokokinta su amince da sauyin, kuma a cikin ratar da ke tsakanin abin da yake a ƙasa da abin da yake a takarda ne yawancin rigingimu suke tsirowa.

Hanyar alhazai

Tushen wannan ƙaura shi ne aikin hajji. A zamanin da, sarakuna da malamai na Afirka ta Yamma sukan keta Sahara su bi ta Masar, kamar yadda Mansa Musa na Mali ya bi ta Alƙahira a 1324, amma bayan daulolin Wadai da Darfur da Sinnar sun kafu a matsayin ƙasashen Musulmi, sai hanyar da ta miƙe gabas ta cikin dajin da ke kudu da hamada ta zama mafi sauƙi ga talaka, saboda akwai ruwa da garuruwa da aikin yi a kanta. Mai niyyar hajji yakan tashi daga Katsina ko Kano ko Barno, ya ratsa Wadai ya shiga Darfur, ya wuce Fashir da Ubayyid a Kurdufan, ya haye Kogin Nilu, sannan ya gangara Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke fuskantar Jidda. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin mafi yawan matafiyan ba su da guzurin da zai kai su, saboda haka sukan yada zango su yi noma damina ɗaya ko biyu, ko su yi ɗinki, ko su koyar da allo, har su tara abin da za su ƙara gaba da shi.

A irin wannan tafiya, wanda ya tsaya don damina ɗaya yakan yi aure, ya haihu, ya sari gona, zango ya zama unguwa, unguwa kuma ta zama gari. Mutanen Sudan na wancan lokaci sun kira waɗannan baƙi Takarir, jam'in Takruri, sunan da ya samo asali daga tsohuwar daular Takrur da ke kwarin Kogin Sanagal, wanda Larabawa suka faɗaɗa ya ƙunshi dukan Musulmin yammacin Afirka. Matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, ya ci karo da ayarinsu a Shandi da Sawakin a 1814, kuma a cikin ƙarni na 19 garin Gallabat da ke iyakar Habasha ya shahara a matsayin matsugunin Takarir mai shugabansa na kansa da babbar kasuwa. A Darfur ta Kudu kuwa, Fulani makiyaya sun daɗe da kafuwa a yankin Tulus, inda suka samu ƙasa da sarauta kamar maƙwabtansu Larabawa masu kiwon shanu.

Hijirar 1903

Abin da ya mayar da wannan kwarara ta ɗaiɗaiku ta zama ƙaurar jama'a mai yawa shi ne faɗuwar Daular Sakkwato. Tun a zamanin masu jihadi akwai zance da ya bazu cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo za su yi hijira gabas su sadu da Mahadi, kuma lokacin da Muhammadu Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a Sudan a 1881, ya kuma ci Kartum a 1885, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Saboda haka a tunanin mutanen Ƙasar Hausa gabas tana da matsayi biyu, ita ce hanyar Makka, ita ce kuma mafakar mai gudun fitina.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka kuma ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin mulkinsu, kuma duk inda ya ratsa sai manoma da malamai da masu sarauta su bar gidajensu su bi shi. Sojojin Ingila sun riske shi a Burmi, cikin jihar Gwambe ta yau, inda aka kashe shi tare da ɗaruruwan mabiyansa ranar 27 ga Yulin 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ja ragamar waɗanda suka tsira, suka ci gaba da tafiya har suka isa gaɓar Shuɗin Nilu, reshen Kogin Nilu da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha. Sun fara sauka a ƙauyen Shaihu Ɗalha, daga bisani suka kafa garinsu a tsallaken kogin, kudu da Sinnar, wanda har yau yake ɗauke da sunan Mai Wurno. Garin ya zama cibiyar da sababbin zuwa suke sauka kafin a nuna musu inda za su sari daji, kuma daga cikinsa ne ƙauyuka da dama suka yaɗu a gaɓar Shuɗin Nilu da rafukan Dindir da Rahad.

Abin lura shi ne, mutanen da suka guje wa mulkin Ingila a yamma sun tarar da shi ya riga su zuwa gabas, domin tun 1898 aka karya daular Mahadiyya a Umdurman, aka kuma kafa mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar a 1899. Sai dai Turawan Kartum sun karɓe su, saboda yaƙe-yaƙe da yunwa da annoba na ƙarshen ƙarni na 19 sun rage jama'ar yankuna masu yawa, ga kuma hana bauta da ya raba manyan manoma da hannuwan da suke dogaro da su, ga ƙasa mai albarka tana kwance babu mai nomawa.

Auduga da layin dogo

Addini ne ya buɗe hanyar, amma tattalin arziki ne ya zaunar da mutane. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman Jazira, wato filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu a kudu da Kartum, don samar da auduga mai dogon zare ga masaƙun Ingila. An fara shirin da faddan 300,000, faddan kuwa ma'aunin fili ne da ya ɗan haura eka ɗaya, sannan bayan an ƙara yankin Managil a ƙarshen shekarun 1950 ya kai kusan faddan miliyan 2, ya zama ɗaya daga cikin manyan gonakin ban ruwa na duniya. An raba filin gida-gida, ana kiran kowane kaso hawasha, mai hawasha kuma yana samun kashi 40 cikin 100 na kuɗin audugar, sauran ya tafi ga gwamnati da kamfanin da ke gudanar da aikin.

Noman auduga yana buƙatar hannuwa masu yawa, musamman lokacin cira da tsinka, kuma iyalan masu hawasha ba su isa su yi aikin su kaɗai ba, don haka alhazan da ke kan hanya suka zama ginshiƙin ƙwadagon Jazira. Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, masu hawasha da yawa suka yi watsi da gonakinsu, sai hukumar shirin ta miƙa wasu daga ciki ga mutanen yamma, amma da kasuwa ta farfaɗo, kishin ƙasa kuma ya fara ƙarfi, sai aka ƙuntata musu wannan dama. Mafi yawansu suka kasance 'yan ƙwadago da masu noman raba-daidai, suna zaune a matsugunan da ake kira kambo, jam'insa kanabi, a gefen magudanan ruwa, tare da mutanen Darfur da na Chadi da suka zo neman irin wannan aiki. Waɗannan matsugunai, da aka kafa da sunan na wucin gadi, suna nan har yanzu, an haifi jikoki da tattaɓa-kunne a cikinsu, yawancinsu kuma ba su da takardar mallakar filin da gidajensu suke kai.

Layin dogo ya ƙara saurin al'amarin. Jirgin ƙasa ya isa Ubayyid a 1912, ya isa Kasala a 1924, ya haɗa Gadarif da Sinnar kafin ƙarshen shekarun 1920, ya kuma kai Niyala a 1959, kuma kusan kowace babbar tasha ta samu unguwar mutanen yamma a gefenta. Gonakin auduga na Gash da Tokar a gabas, da tashar Bur Sudan da ta maye gurbin Sawakin, da manyan gonakin dawa da riɗi na Gadarif da aka fara nomawa da injuna a tsakiyar shekarun 1940, duka sun ja ma'aikata daga wannan jama'a. Haka nan tafkin da ya taru bayan madatsar Rusairis, wadda aka kammala a 1966, ya jawo masunta da masu lambu Hausawa zuwa kudancin Shuɗin Nilu.

Sabuwar ƙabila a sabuwar ƙasa

Ƙaura tana ƙara yawan ƙabilun ƙasa, tana kuma haifar da waɗanda babu su a da. Mutanen da suka taso daga yamma sun taso ne a matsayin Kanawa da Katsinawa da Gobirawa da Damagarawa da Barebari da Zabarmawa da Fulanin gida da na daji, kowa da harshensa da alfaharinsa, amma a Sudan aka haɗa su duka a ƙarƙashin suna ɗaya, Fallata, wanda asalinsa sunan da Barebari suke kiran Fulani da shi ne. Sunan ya ɗauki nauyin raini a bakin wasu, har ya zama yana nufin baƙo ko ɗan ƙwadago, kuma wannan ya sa martanin mutanen ya rabu: wasu suka rungume shi a matsayin tutar haɗin kai, wasu suka nace a kira su Hausa ko Fulani ko Barno, wasu kuma, musamman 'yan boko da mazauna birane, suka narke cikin Larabawan Sudan ta hanyar harshe da aure.

A cikin wannan cakuɗuwa Hausa ta zama harshen da yake haɗa mutanen yamma a unguwanni da kasuwanni, har waɗanda kakanninsu ba su taɓa jin ta ba suka koye ta a gaɓar Nilu, yayin da ita kanta ta sha aron kalmomi da salon furuci daga Larabcin Sudan, kamar yadda masanin harshe Al'amin Abu Manga ya nuna a littafinsa na 1999 kan Hausar Sudan. Masanin halayyar jama'a Bawa Yamba, a binciken da ya wallafa a 1995, ya tarar da mutanen da aka haifa a Jazira, aka kuma haifi iyayensu a can, suna ɗaukar kansu alhazai da ke kan hanya, suna kallon zamansu a matsayin zango ko da ba su taɓa ganin Bahar Maliya ba. Wannan fahimta ta taimaka musu wajen jure wahala da riƙe tarbiyya, amma ta ba masu son ware su hujjar cewa su da kansu sun ce wucewa suke yi.

Tasirin bai tsaya a ɓangare ɗaya ba. Malamai mutanen yamma sun yi suna a khalwa, wato makarantar allo ta Sudan, sun kuma taimaka wajen yaɗuwar ɗariƙar Tijjaniyya. Agashe, naman da ake barbaɗa wa yaji da garin ƙuli a gasa, ya zama abincin titi da kowane ɗan Sudan ya sani. A'isha al-Fallatiyya, wadda aka haifa a Kasala ta kuma rasu a 1974, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, kuma har yau ana lissafa ta cikin waɗanda suka gina waƙar Sudan ta zamani.

Ƙidaya da dokar zama ɗan ƙasa

Ƙidayar jama'a ta 1955 zuwa 1956, wadda ta yi tambaya kan ƙabila da harshe, ta samu mutum kusan miliyan 10.3 a Sudan, kashi 39 cikin 100 daga cikinsu suka bayyana kansu a matsayin Larabawa, yayin da masu asali daga Afirka ta Yamma suka haura rabin miliyan. Ƙidayar 2008, wadda aka yi kafin ballewar Sudan ta Kudu a 2011, ta cire tambayar ƙabila gaba ɗaya, kuma wannan ya bar fagen ga ƙiyasi, inda masu neman haƙƙi suke kumbura adadi, masu tsoron rasa rinjaye kuma suke rage shi. Ballewar kudu da kanta ta sauya lissafin, domin da zarar an cire miliyoyin mutane daga jimilla, kason kowace ƙabila da ta rage yakan ƙaru ba tare da ko mutum ɗaya ya yi ƙaura ba.

Dokar zama ɗan ƙasa, wadda ake kira jinsiyya a Sudan, ita ce ta fi shafar rayuwar waɗannan mutane. Dokar 1948 da ta 1957 sun tanadi cewa ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamban 1897, kuma wannan rana ta bar mabiyan Mai Wurno da ma'aikatan Jazira a waje, duk da cewa sun riga ƙasar samun 'yanci da shekaru masu yawa. A shekarun 1970 aka matso da ranar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta mayar da ita 1 ga Janairun 1956, ranar samun mulkin kai. Sauya ranar har sau biyu ya tabbatar da cewa iyakar da ke tsakanin ɗan ƙasa da baƙo shawara ce ta masu mulki, wadda za a iya gyarawa idan an ga dama. Duk da haka, gyaran doka bai kawar da wahalar ofis ba, domin mai neman takarda yakan buƙaci shaidu da tabbacin shugaban ƙabila, kuma wanda sunansa ko harshensa ya nuna yamma ya daɗe yana fuskantar tambayoyin da ba a yi wa maƙwabcinsa.

Ita kuwa hanyar ƙasa da alhazai suke bi ta fara mutuwa ne daga shekarun 1950, lokacin da jiragen sama suka fara jigilar alhazai daga Kano, ga kuma fasfo da biza da sababbin ƙasashe suka tsaurara. Wannan na nufin cewa mafi yawan Hausawan Sudan na yau haifaffun can ne, ƙaruwarsu kuma ta haihuwa ce, kamar ta kowace ƙabila a ƙasar.

Ƙasa da sarauta

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma karin maganar bai faɗi shekarun da baƙo zai yi kafin ya zama ɗan gari ba, kuma wannan ita ce tambayar da Sudan ba ta amsa ba. A karkarar ƙasar, mallakar fili tana tafiya ne da tsarin dar ko hakura, wato yankin da ake ɗauka na wata ƙabila ne tun kaka da kakanni, tare da idara ahliyya, mulkin gargajiya mai matakan nazir da umda da shaihu, wanda Turawa suka ƙarfafa. Gwamnatin Ja'afar Numairi ta rushe wannan mulki a farkon shekarun 1970, ta kuma yi dokar 1970 da ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakin gwamnati, amma gwamnatocin da suka biyo baya suka farfaɗo da sarautun, suna ba wannan suna hana wancan gwargwadon buƙatar siyasa. A ƙarƙashin irin wannan tsari, mutum yana iya riƙe takardar zama ɗan ƙasa a aljihunsa, ya kasance baƙo a gonar da kakansa ya sara.

Wannan ne ya fashe a jihar Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta tasu, shugabannin Hamaj da Barta da sauran al'ummomin da ke danganta kansu da tsohuwar daular Funj ta Sinnar kuma suka ƙi, bisa hujjar cewa sarauta tana tafiya da ƙasa. Rikicin da ya ɓarke a Rusairis da kewayenta ya ci rayuka fiye da 100, ya kuma haddasa zanga-zangar Hausawa a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Kartum, sannan a watan Oktoba aka sake kashe kimanin mutum 200 a yankin Wad al-Mahi, dubun-dubatar mutane suka rasa matsuguni. Su ma al'ummomin da suka ƙi amincewa suna da nasu ciwon na gaskiya, domin sun ga manyan gonakin 'yan kasuwa da tafkin madatsa da shekarun yaƙi sun cinye filayensu, kuma mutumin da aka sha ƙwace wa ƙasa yakan ga barazana a kowace sabuwar buƙata. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya ratsa Jazira da Sinnar, ya tarwatsa miliyoyin mutane daga dukan ƙabilu, ya kuma jefa mazauna kanabi cikin zargin goyon bayan ɓangare, abin da ya jawo musu hare-hare.

Wannan matsala tana da 'yan uwa a wasu ƙasashe, kamar korar baƙi da Ghana ta yi a 1969, wadda ta girgiza unguwannin zango, da wadda Najeriya ta yi a 1983, da kuma rabon da ake yi tsakanin ɗan asali da mazauni a jihohin Najeriya. Duk lokacin da yaƙin Sudan ya tsaya, miliyoyin da suka gudu za su dawo ko su zauna inda suka sauka, fasalin jama'ar garuruwa zai sake sauyawa, kuma masu rubuta sabon tsarin mulki za su tarar da tambayar 2022 tana jiransu da girman da ya ninka na da. Mafita mai ɗorewa tana buƙatar a yi wa filayen al'ummomin karkara rajista da sunansu don a kwantar da tsoron waɗanda suka riga zama, a ba mazauna kanabi takardun gidajensu da makarantu da asibitoci, a kuma raba haƙƙin wakilci da sharaɗin mallakar dar, ta yadda manomin da aka haifa a Mai Wurno ko Wad al-Mahi zai samu murya a ƙaramar hukumarsa saboda a nan yake zaune, yake noma, yake kuma biyan haraji.